Ankon Kansila da Kwamfutar Lawan

Shekarar da sojoji suka tattara takalmansu suka koma bariki, kowa a Kano ya zama wani abu. Wanda ka sani jiya yana sayar da rake, yau shugaban matasa ne. Mai facin taya ya zama sakataren yaɗa labarai. Ana cikin wannan rabon muƙamai ne Lawan ya dawo Gyadi-Gyadi hutu daga jami'a, shi ma ɗauke da nasa muƙamin da ya naɗa wa kansa, wai Injiniya.

Ba injiniyanci yake karantawa ba. Yadda ake tafiyar da kasuwanci da kwamfuta yake karantawa, yana aji uku. In kuma za a faɗi gaskiya, kwamfutocin sashensu huɗu ne, ɗalibai ɗari da tamanin, biyu daga cikin huɗun ma tun zuwansa a lulluɓe suke da zani. Sau biyar ya taɓa zama gaban mai rai, sauran karatun da alli aka yi shi a allo. Amma in ka ji shi a teburin mai shayi sai ka rantse da shi aka ƙera ta.

"Duk sana'ar da ba ta shiga kwamfuta ba nan da shekara biyu ta mutu," haka yake cewa. "Har shayin nan naka."

"To ka sha da sauri kafin ya mutu," in ji mai shayi.

Wanda ya fi shan wannan wa'azi shi ne Baba Isyaku tela, yayan mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun yana ɗan shekara shida. Shekara talatin da huɗu Baba yana ɗinki a shago ɗaya, kuma abu ɗaya ya mallaka da yake taƙama da shi: ba a taɓa dawo masa da riga ba. Ba shi da mota, ba shi da gidan haya, sunan nan shi ne dukiyarsa. Daga Gyadi-Gyadi har Unguwa Uku, in riga ta zauna wa mutum daram, sai a ce ai ɗinkin Isyaku ne.

Shi kuma ba ya rubuta awo. Doguwar igiyar ƙyalle yake yagowa, ya ɗora a jikin mutum, ya yi ƙulli a tsawo, ƙulli a kafaɗa, ƙulli a hannu, ƙulli a ƙirji, har zuwa wando. Sai ya rubuta sunan mai ita da ajami a bakin igiyar, ya rataye a ƙusa. Wannan abu yana ƙona wa Lawan rai matuƙa.

"Baba, duniya tana maganar sistem, kai kana ƙulle mutane a tsumma."

"Wa tsumman ya taɓa matsewa?"

"Ba a nan take ba. Ba a rubuce yake ba, ba a adane yake ba."

"Ga shi can a ƙusa, Lawan. Ina kake so ya je?"

Ana haka sai ga babban aiki. Alhaji Bello, wanda ya ci kansila a wata mazaɓa ta Tarauni, zai yi walimar rantsuwa, yana son anko na mutum arba'in, shi da waɗanda suka yi masa wahalar zaɓe: kaftani da wando, shadda iri ɗaya, shuɗiya. Ya ce ba wanda zai taɓa masa yadin nan sai Baba Isyaku. Kwana uku mutane suna zuwa awo, duk wanda ya zo a ƙulla tasa a rataye, har igiya arba'in suka jeru a bango.

Sai ranar aikin idon Baba ta zo. Yanar ido ta daɗe da rufe masa ido ɗaya, an ba shi rana tun wata huɗu, ba dama ya ɗaga. Kafin ya tafi asibiti ya kira Ɗanladi, babban ma'aikacinsa da ya shekara goma sha biyar yana riƙe masa almakashi, ya kira Lawan.

"Ɗanladi, kai za ka yi yanka, ka bi igiya. Kai kuma Lawan, ka zauna a bakin ƙofa ka amsa sallama."

"Shi ke nan aikina, Baba?"

"Shi ke nan. Ka iya?"

Lawan ya ce ya iya. Ƙurar motar da ta ɗauki Baba ba ta kwanta ba ya miƙe ya fara sauke igiyoyi daga bango. Ya ce da Ɗanladi ai kwafi kawai zai yi don ajiya. Ɗanladi, mutum mai sanyin hali, ya yarda yana karanta masa sunayen ajami, shi kuma yana auna tsakanin ƙulli da ƙulli da tef yana rubutawa a takarda, bi da bi yadda mutanen suka zo. Aikin ya yi kyau, wannan kam ba za a hana shi ba. Da Ɗanladi ya tafi azahar, Lawan ya tattara igiya arba'in cif ya kai wa mai tuyar ƙosai ta kan kwana, ya ce ta hura wuta da su.

Ɗanladi ya dawo ya tarar da ƙusoshi tsirara.

"Ina igiyoyin Baba?"

"Sun yi ritaya tare da sojoji."

"Innalillahi. Lawan, ka san abin da ka yi?"

"Na sani. Na shigar da shagon nan ƙarni na ashirin da ɗaya saura wata bakwai a fara shi."

Kwamfutar da zai yi aikin da ita tana Tarauni, a shagon Madam Virginia, inda ɗaliban aikin jinya suke kai takardunsu a buga musu. A Kano aka haifi Virginia, Hausarta ta fi ta Lawan kaifi, kuma ba ta taɓa shiga jami'a ba. Shekara shida ke nan tana wuni a gaban na'urar nan. Ta ce ya kawo ta shigar masa, minti ashirin ya ishe ta.

"Madam, ki bar wa masu abin abinsu. Ke buga takarda kike yi, ni tsarin bayanai na karanta."

"To, ranka ya daɗe. Ga kujera."

Da yatsa ɗaya ya yi aikin, awa uku. Sunaye a layin farko daga sama har ƙasa, awon kowa a gefen sunansa. Da ya gama ya ja baya ya duba, sai ya ga abin bai yi kama da aikin ɗan jami'a ba, sunaye a hargitse, lamba ɗaya Sani mahauci, lamba biyu Austin mai gyaran rediyo. Ya tuna malaminsu ya taɓa zana musu a allo yadda ake jera sunaye bisa haruffa. Ya zaɓi layin sunayen shi kaɗai ya danna. Wani ɗan akwati ya fito da rubutu a fuskar kwamfutar, ya danna ya kore shi.

Virginia da ke tsaye tana haɗa takardu ta juyo.

"Ta tambaye ka wani abu fa."

"Gaisuwa ce kawai. Haka suke yi."

"Ba gaisuwa ba ce. Tambayarka take yi, sunayen kaɗai za ta jera ko har da abin da ke gefensu. Me ka ce mata?"

"Madam, ni da ita mun fahimci juna."

"Sunayen sun motsa, lambobin ban ga sun motsa ba. Kawo takardarka mu gwada mutum ɗaya, ɗaya tak."

Akwai ɗalibai mata uku a kan benci suna jiran layi, sun zuba ido. Wannan shi ya ƙarasa Lawan. Ya ɗauki takardar da ya rubuta da hannu, ya yayyaga ta gutsi-gutsi a gabansu, ya watsa a kwandon shara.

"Zamanin takarda ya wuce," ya ce. "A buga mini."

"A kan me zan buga maka, ganyen ayaba?"

'Yan matan suka sunkuyar da kai suna dariya. Virginia ta buga masa, ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce Allah ya ba da sa'a. Abin da ya faru kuwa shi ne abin da ta faɗa. Sunaye sun jeru tsaf daga Abdullahi har Zubairu, awo kuma yana nan inda yake tun farko bai gusa ba. Kowane suna ya sauka a gefen jikin wani.

Washegari Ɗanladi ya shimfiɗa shadda, ya ɗauki almakashi, ya duba takardar, ya ajiye almakashin.

"Lawan, Alhaji Bello ne ƙirji talatin da biyu? Mutumin da sai ya karkace yake shigowa ƙofar nan?"

"Yaƙin zaɓe ya ramar da shi."

"Jiya na gan shi a masallaci, wurin mutum biyu ya ci a sahu."

"Ido yana ruɗin mutum, Ɗanladi. Lamba ba ta ruɗi."

"To Abdullahi direbansa fa? Wanda sai ya sa matashi yake hango titi. Tsawo hamsin?"

"Kai da aka ce ka yanka, sai ka koma bincike? Ka fi na'urar da ake harba jirgi sama da ita sani ne?"

Ɗanladi ya sa takalmi ya nufi gidan Baba. Inna Ladi, matar Baba, ta tare shi a zaure. Likita ya ce kada a tayar masa da hankali, kada ya sunkuya, kada ya yi magana mai tsawo har kwana goma. In ba gobara ba ce a bari. Ɗanladi ya tsaya yana tunanin ko wannan gobara ce, ya kasa yanke hukunci, ya dawo. Igiya babu, takardar farko babu, walima saura kwana takwas. Ya yi bisimilla ya sa almakashi, ransa a jagule.

Da a nan Lawan ya tsaya, da abin ya zo da sauƙi, don in riga ba ta shige ka ba sai ka musanya da wanda ta shiga. Amma ina. Wata dabara ta sake faɗo masa, irin wadda ya ce manyan kamfanonin duniya suna yi. Ya je har gida ya sami kansila, ya ce me zai hana a ɗinka sunan kowa da muƙaminsa da farin zare a ƙirjin kaftaninsa. Alhaji Bello ya lumshe ido yana hango abin.

"Mai Girma Kansila Bello. A nan, saitin zuciya?"

"Da manyan baƙaƙe, ranka ya daɗe, yadda na bayan rumfa zai karanta."

"Kai, ilimi daɗi. Yaro, za ka yi nisa."

Labari ya bazu, mutum talatin da tara suka yi ta sintiri shago kowa yana gyara muƙaminsa. Mai ba da shawara ya ce a ƙara masa na musamman. Mataimakin shugaban matasa ya ce a ƙanƙanta mataimakin. Lawan yana bakin ƙofa da biro a kunne yana gaya wa duk mai wucewa cewa ankon nan kwamfuta ce ta auna shi, ba a taɓa yin irinsa ba a Arewa. A wannan kam bai yi ƙarya ba.

Kamar yadda teloli suka saba, ranar walimar aka gama guga. Asabar ce, ƙarfe ɗaya na rana Lawan ya sauke kaya a ƙofar gidan kansila a Tarauni. An kafa rumfuna, an jera kujeru, baƙi sun cika, maroƙa sun kama lasifika. Ya hau kan benci da takardarsa yana kiran suna bisa jerin haruffa, kowa ya karɓi ledarsa ya shige zaure. Ya so a ce malamansa suna wurin su gani.

Abdullahi direba ne ya fara fitowa. Wato an ga kaftani ya fito, daga baya aka gane da mutum a ciki. Hannayen riga sun wuce yatsunsa da taƙi guda, ƙasanta yana share ƙasa, wandon kuwa da hannu biyu ya riƙe shi a hammata. Bayansa Sani mahauci, ƙato, kaftaninsa ya tsaya a cibiya, hannayensa a buɗe sun ƙi sauka. Shugaban matasa ya fito kansa ya maƙale a wuyan riga yana neman hanya, yana kira a taimake shi. Wani dattijo ya leƙo, ya dubi jama'a, ya dubi ƙaurinsa a waje, ya koma ciki bai sake fitowa ba.

Sai wata mata a rumfar mata ta ce, "Wai wasan kwaikwayo aka shirya mana?" Daga nan dariya ta ɓarke har masu kiɗa suka ajiye ganga.

"Ku kwantar da hankali," in ji Lawan daga kan benci. "Sabuwar shadda ce, sai ta saba da jiki."

"Sauko ka saba da ni," in ji Sani mahauci. Allah ya taimaki Lawan hannun Sani ba ya lanƙwasuwa.

Wani mai hankali ya ce a yi musanya mana. Aka koma zaure aka hau tuɓe-tuɓe. Nan rigima ta biyu ta tashi, wadda ta fi ta farko. Rigar da ta shigi ma'aji an rubuta mata mai kula da kujeru, ya ce ya mutu bai sa ba. Wadda ta shigi mai kula da kujeru an rubuta mata shugaban dattawa, shi kuma ya ce ya mutu bai cire ba. Mutanen da suka sha rana tare wata shida suna yawon neman ƙuri'a suka ci kwalar juna a kan farin zare.

Shi kuwa Alhaji Bello yana ɗakinsa da singileti, an kawo masa riga biyu. Ɗaya, mai awon Sani mahauci, ta yi masa cif kamar a jikinsa aka yanka, ƙirjinta an rubuta Abdullahi Direban Kansila. Ɗayar mai sunansa ko cinyarsa ba ta kai ba. Ya ce a gwada masa ita a jikin wani ya gani. Aka kira Austin mai gyaran rediyo, siriri ɗan tsurut, don awonsa ne ya faɗa kan sunan kansila. Ya zura, ta zauna masa daram. Tsautsayi ya sa ya leƙa waje neman madubin mota. Maroƙi ya hango manyan baƙaƙe, ya ɗaga lasifika.

"Ga Mai Girma ya fito! Zaɓin talakawa, ɗan siriri mai nauyin dutse!"

Baƙin da suka zo daga nesa, waɗanda ba su san kansila a fuska ba, suka miƙe suna tafi. Wani ya riga ya miƙa wa Austin takardar neman aiki. Austin ya rasa yadda zai yi, ya ɗaga musu hannu.

Alhaji Bello yana jin wannan ta taga ya ce a kamo masa shi. Aka tuɓe Austin. Matar kansila ta roƙi mijinta ya sa wata rigar cikin nasa na gida, ya ce ankonsa ne, sunansa ne, shekara nawa yana jiran ranar nan. Mutum uku suka taru, biyu suna ja ɗaya yana tura tumbi, aka cusa shi. Ya fito yana tafiya a sanƙare, numfashi rabi-rabi, fuska ta yi jawur. Ya isa gaban lasifika lafiya. Ya ce jama'a assalamu alaikum lafiya. Sai ya ɗaga hannu biyu zai jinjina wa mazaɓarsa. Ƙarar yagewar shadda ta shiga lasifika, har bakin titi an ji ta. Kaftanin ya tsage daga wuya har ƙasa ta baya, hammata biyu suka buɗe, Mai Girma ya tsaya a gaban mutum ɗari uku da singileti da suna a ƙirji.

Daidai lokacin tasi ta tsaya. Baba Isyaku ne, da baƙin tabarau na asibiti, Inna Ladi tana riƙe da hannunsa. Ranar ce ta goma da aikin idonsa, ya ce sai ya zo ya ga aikin shagonsa a jikin mutane. Jama'a suka dare masa hanya, dariyar ta mutu. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kallo. Ya kama kafaɗar rigar Abdullahi direba ya murza ɗinkin a yatsunsa. Ɗinki mai kyau ne, na shagonsa. Lawan ya sauko daga benci a hankali.

"Baba Isyaku," in ji kansila, "saboda sunanka na tsallake teloli nawa na kawo maka. Yau ka gama da ni a gaban jama'ata."

Kowa a wurin ya san wanda ya yi aikin, tunda kwana goma yana shela. Ido ya koma kan Lawan. Baba bai ko dube shi ba.

"Shagona ne, Alhaji, almakashina ne. Ka yi haƙuri."

Ya cire babbar rigarsa, fara, wadda yake zuwa Juma'a da ita, ya yafa wa kansila ya rufe masa baya. Dattijo ɗan shekara sittin da bakwai ya tsaya da 'yar shara a tsakiyar taro. Wannan ya fi wa Lawan zafi a kan a ce an kwantar da shi an zane shi. Baba ya ce kowa ya tuɓe ya kawo, zai gyara abin da zai gyaru.

A ƙafa suka koma, don Baba ya ce ba zai shiga mota ba. Shi a gaba da Inna Ladi, Ɗanladi a gefe, Lawan a baya da ƙunshin kaftani arba'in a ka. Labari ya riga su isa Gyadi-Gyadi. A ƙofar shago suka tarar da wani tsohon maƙwabci, wanda Baba ya ɗinka wa rigar aurensa da ta auren ɗansa, yana tsaye yana sosa ƙeya. Ya ce dama yadin nan da ya kawo wancan makon, in ba a yanka ba, a ba shi, akwai wani abu da ya taso. Baba ya shiga da kansa ya ɗauko ya miƙa masa. Bayansa wasu biyu suna tahowa.

Lawan ya sauke kaya, ya gyara murya.

"Baba, in an duba da idon ilimi, tsarin kansa ba shi da matsala. Layi ɗaya ne kawai bai bi sauran ba. In aka ba ni dama a karo na biyu..."

Baba ya zauna a kan kujerar kekensa, ya cire tabarau, ya dube shi.

"Lawan, saura shekara nawa ka gama jami'ar nan?"

"Ɗaya, Baba."

"Wato duk wannan da sauran karatu a gaba."

"E, Baba. Manyan darussan ma sai a ajin ƙarshe."

Baba ya juya ya dubi Ɗanladi.

"Ka ji ko? Muna da shekara ɗaya mu nemi inda za mu koma."